Illela: Inda abincin shuka ke fitowa da inda yake tafiya

A yankin Illela da ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, idan gona ta daina ba da dammunan geron da aka saba samu, manoma kan ce ta gaji, ko kuwa ta mutu.

Akasari dai akan ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan sama, kuma akwai gaskiya a ciki. Garin yana kimanin kilomita 80 ne arewa da birnin Sakkwato, daf da Birnin Konni, kuma ruwan da ke sauka a nan bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, cikin watanni uku ko huɗu.

To sai dai wani babban bincike da masanan ƙasashen Mali da Holan suka gudanar a makiyayun Sahel, wanda aka wallafa a shekarar 1982, ya zo da wani bayani na daban. Masanan sun gano cewa in ban da can arewa kusa da hamada, ba ƙarancin ruwa ne ya fi taƙaita yawan ciyawar da ke fitowa ba, rashin wasu sinadarai biyu ne a cikin ƙasa, wato naitirojin da fosfaras.

Ma'ana, ruwan da ke sauka a wuri irin Illela ya isa ya fitar da ciyawa da hatsi fiye da abin da ake samu, in da ƙasar na da abincin da za ta ba su.

Yadda saiwa ke ci

Shuka ba ta cin ƙasa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na busasshen jikinta daga iska da ruwa take haɗa shi, da taimakon hasken rana. Ɗan ragowar ne ke fitowa daga ƙasa, amma idan babu shi komai ya tsaya.

Masana sun lissafa sinadarai 17 da shuka ba ta rayuwa sai da su, kuma 14 daga ciki ta saiwa take samun su. Uku ne manya: naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, da fosfaras mai ƙarfafa saiwa da cika ƙwaya, da kuma fotashiyam mai taimaka wa shuka riƙe ruwa da jure wahala. Su ne ukun da ke cikin buhun takin da manoma ke kira kamfa.

Saiwa ba ta iya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu sai ya narke a ruwa. Wasu siraran gasu ne a bakin saiwar ke tsotsar su, kuma aikin ba a ɓagas yake ba, domin shukar kan kashe wani ɓangare na sikarin da ganyenta ya haɗa kafin ta iya jawo su ciki. Shi ya sa takin da aka zuba a busasshiyar ƙasa ba ya amfanar shuka, wani lokacin ma ƙona ta yake yi.

Sinadaran kuma hali ya bambanta su. Naitirojin ba ya zama wuri ɗaya. Yana bin ruwa, don haka a ƙasar jigawa mai rairayi, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi na iya gangarar da shi ƙasa inda saiwar gero ba ta kai ba tukuna.

Shi kuwa fosfaras akasin haka ne. Yakan maƙale wa ƙwayoyin ƙasa, ba ya motsawa fiye da 'yan milimitoci, sai dai saiwa ta je ta same shi. Binciken da aka shafe shekaru ana yi a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa a ƙasashen rairayi na Sahel, fosfaras ne farkon abin da gero ke rasawa, kuma idan babu shi, ko an zuba yuriya ba ta yin aikin da ake zato.

Domin shawo kan wannan, galibin tsirrai na da abokan hulɗa a ƙarƙashin ƙasa. Wasu halittu ne dangin funfuna masu kama da zare, waɗanda kan shiga cikin saiwa sannan su bazu nesa da ita, su kwaso fosfaras su kawo mata, ita kuma ta biya su da sikari.

A nan ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ke samun ƙofa. Idan gero ko dawa suka ji yunwar fosfaras, saiwarsu kan ƙara fitar da wani sinadari na kiran waɗancan abokan hulɗa. Irin ƙuduji da ke kwance cikin ƙasa shekara da shekaru shi ma wannan kiran yake jira, da ya ji sai ya tsira ya kama saiwar. Abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji, ga dalilinsa ke nan.

Bambancin kurmi da daji

A kurmin kudancin Najeriya, kamar na jihar Kuros Riba, itatuwa kan zubar da ganye duk shekara, danshi da ɗumi su ruɓar da shi cikin 'yan watanni, saiwoyin da ke shimfiɗe a sama-sama su sake tsotse abin da ya fito. Kaso mai yawa na dukiyar kurmin a jikin itatuwan yake, ba a cikin ƙasa ba. Dalili ke nan da ya sa idan aka sare kurmi aka ƙone, gonar kan yi albarka shekara biyu ko uku, daga nan ta faɗi.

A dajin ciyawa irin na arewacin Sakkwato lamarin ya fi haka tsauri. Yawancin ciyayin, irin su ƙarangiya da kyasuwa, masu damina ɗaya ne. Kafin su bushe sukan kwashe mafi kyawun sinadaran jikinsu su zuba a cikin 'ya'yansu, saboda haka busasshiyar ciyawar da dabbobi ke samu a tsakiyar rani ta rasa yawancin abin da ke gina jiki. Gamba, wadda ke daɗewa shekaru, a saiwarta take ɓoye nata ajiyar, to amma ita ma ta yi ƙaranci a wurare da dama saboda yawan kiwo da yankan zana.

Daga Oktoba har zuwa Mayu kuma kusan babu abin da ke ruɓewa, domin ƙananan halittun da ke wannan aiki ba sa motsi sai da danshi. Gara ce ke riƙe da aikin a wannan lokaci. Tana kwashe kara da busasshen ganye da kashin dabbobi ta shige da su ƙarƙashin ƙasa, tana kuma haƙa 'yan hanyoyin da ruwa zai bi idan damina ta faɗi. Manomin da ke tsine mata saboda rumbunsa, ita ce ke yi masa huɗa a faƙon da garma ba ta iya shiga.

Da zarar ruwan farko ya sauka, ƙananan halittun kan farfaɗo a lokaci guda su saki naitirojin mai yawa cikin 'yan kwanaki. Wani masani mai suna H. F. Birch ne ya bayyana wannan a rubuce a gabashin Afirka a shekarar 1958. Manoman da ke yin binne tun kafin ruwa ya sauka, ko su fita shuka da asubahin ruwan farko, wannan garaɓasar suke rige-rigen kamawa kafin ruwa na gaba ya tafi da ita.

Gawo

Babu itacen da ya kai gawo muhimmanci a wannan lissafi, kuma halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowa ke kore, shi yake kaɗe ganyensa ya tsaya kamar matacce. Da rani kuma ya yi ganye ya yi 'ya'ya.

Ganyen nasa yana zuba ne daidai lokacin da ake shuka, ya ruɓe a gindin geron da ke buƙatarsa, sannan ba ya yi wa shukar inuwar da za ta hana ta girma. Saiwarsa kan nutsa ƙasa ƙwarai, har an taɓa bin sawunta zuwa zurfin kusan mita 30 a ƙasar Senegal, don haka yana ɗauko ruwa da sinadarai daga inda gero ba zai taɓa kaiwa ba, ya maido su sama ta hanyar ganye.

Ban da haka, gawo dangin wake ne da gyaɗa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma babu shukar da ke iya amfani da shi kai tsaye. Waɗannan dangi su ne ke da wasu 'yan ƙullutai a saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna sarrafa naitirojin na iska ya koma irin wanda shuka ke ci. Duk wanda ya tuge wake ya fasa ƙullutun ya ga cikinsa ja-ja, to aikin na gudana.

Tun a shekarun 1960 masu bincike a Bambey ta Senegal suka auna cewa gero ya fi yin kyau nesa ba kusa ba a ƙarƙashin gawo. Sarakunan ƙasar Hausa da maƙwabtansu ba su jira wannan awo ba. Ana ruwaito cewa a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun tanadi hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo ba da izini ba.

Sai dai masana ba su yi ittifaƙi a kan cewa duk albarkar daga itacen take fitowa ba. Wani nazari da aka yi a Nijar ya nuna cewa sau da yawa gawo kan fi rayuwa ne a wuraren da tun asali suka ɗara kewayensu kyau, kamar tsohon suri. Wani kuma ya danganta wani ɓangare na amfanin da sanyin da rassansa ke ba ƙasa, a yankin da zafin rairayi ke iya kashe geron da ya fara tsirowa. Ga kuma shanu da tumaki da ke fakewa a inuwarsa duk tsawon bazara suna cin 'ya'yansa suna barin kashi da fitsari.

Dalilan duka na iya zama gaskiya a tare, kuma ga mai gona bambancin bai da yawa, tunda geron dai a gindin gawon yake fin kyau.

Sabara da kalgo ma, waɗanda ake sassabewa kowace bazara, suna da tasu rawar. Suna tare ƙurar da iska ke ɗauke da ita, ganyensu na zama taki, kuma wani bincike da aka wallafa a 2018 daga Senegal ya nuna cewa da dare saiwar sabara kan jawo ruwa daga zurfi ta saki a sama-sama, geron da ke kusa ya sha.

Abin da iska da ruwa ke kawowa

Hazon hunturu da ke rufe Illela daga Disamba zuwa Fabrairu shi ma taki ne, ko da yake kaɗan ne. Yawancin ƙurar na tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda gindin tsohon babban tafki ne da ya ƙafe, kuma tana ɗauke da fotashiyam da kalsiyam da ɗan fosfaras.

Ƙurar ba a nan kaɗai take tsayawa ba. Wani nazarin masanan hukumar NASA ta Amurka a 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara na kai kimanin tan dubu 22 na fosfaras a kowace shekara zuwa kurmin Amazon da ke Kudancin Amurka, adadin da ya yi kusa da abin da ruwan sama ke wanke wa kurmin.

Iskar da ke kawowa kuma ita ke ɗaukewa. Guguwar da ke zuwa gabanin hadarin farkon damina kan share saman gonar da aka bari tsirara, kuma a wannan ɗan saman ne mafi yawan abincin shuka yake. Ƙurar kan sauka ne inda ta sami abin da zai tare ta, gindin sabara ko karan da aka bari a kwance.

Ruwa ma haka yake yi. Kwarin Majiya da ya taso daga jihar Tawa ta Nijar ya ratsa ta yankin Konni, a tafkin Kalmalo da ke ƙaramar hukumar Illela yake ƙarewa. Lakar da ke sa fadamar Kalmalo ta ɗauki albasa da sauran kayan noman rani, ƙasar da ta zaizaye ce daga tudun wasu. Madatsun da aka gina a ɓangaren Nijar domin noman rani na Konni sun shafi yawan ruwan da ke isowa, kuma wannan kwari na daga cikin waɗanda yarjejeniyar raba ruwa da ƙasashen biyu suka ƙulla a Maiduguri a 1990 ta ƙunsa.

A cikin wannan kwari ne, daga shekarar 1975, ƙungiyar CARE da jami'an gandun dajin Nijar suka dasa dogayen layukan dogon yaro domin karya ƙarfin iska, aikin da ya zama abin misali a yankin Sahel.

Shanu ba sa ƙirƙirar taki

A da, bayan an kawar da amfani, makiyaya kan sauka a gonaki da garkunansu su kwana, mai gona ya ba su hatsi, dabbobin su ci kara su bar masa taki. Har yanzu ana yin haka a wasu wurare, sai dai ya ragu, ga kuma rashin tsaron da ya addabi gabashin jihar Sakkwato a 'yan shekarun nan wanda ya ƙara raunana amana tsakanin ɓangarorin biyu.

Abin da aka yi hasara ya wuce kashin shanu. Kaso mai yawa na naitirojin da dabba ke fitarwa a fitsari yake, kuma gonar da garke ya kwana a cikinta ce kaɗai ke samun wannan. Takin da aka tara a gida, rana ta dake shi wata da watanni kafin a ɗauko shi a amalanke, ya riga ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, saniya ba ta ƙirƙirar komai. Abin da ta ci a daji da rana shi take ajiyewa a gona da dare. Nazarce-nazarcen cibiyar binciken dabbobi ta ILRI a yammacin Nijar sun nuna cewa kafin a wadata hekta ɗaya ta gona da taki, sai an sami hektoci da dama na makiyaya a bayanta. Idan aka nome makiyaya da burtali saboda ƙarin jama'a, tushen takin gonar ne aka nome.

Ga kuma abin da ke fita ba ya dawowa. Kowace motar shanu da ta tashi daga kasuwar Illela zuwa Legas ko Ibadan na ɗauke da fosfaras na makiyayun Sahel a ƙasusuwan dabbobin. Haka buhunan gero da wake da albasa. A 1990 wasu masana biyu 'yan Holan, Stoorvogel da Smaling, suka ƙiyasta cewa gonakin Afirka kudu da Sahara na asarar kimanin kilo 22 na naitirojin, da kilo 2.5 na fosfaras, da kilo 15 na fotashiyam a kowace hekta duk shekara. An yi ta muhawara a kan alƙaluman, domin a karkarar Kano masu bincike irin su Michael Mortimore da Frances Harris sun tarar da manoman da suka riƙe ƙarfin gonakinsu duk da cunkoson jama'a, ta hanyar ciyar da awaki da tumaki harawa a gida da maida takinsu gona.

Ƙonewar daji kuwa asara ce tsagwaronta ta fuskar naitirojin, domin yakan bi hayaƙi ya tafi. Tokar da ta rage na da fotashiyam da fosfaras, amma iska kan kwashe yawancinta kafin damina.

Abin da aka gwada

Bayan farin 1984, an sami sauye-sauye biyu a tsallaken iyaka waɗanda ba su buƙaci kuɗi mai yawa ba.

A jihar Maradi, wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura tun 1983 cewa 'yan tsiron da ake sassabewa a gonaki kututturan itatuwa ne masu rai. Ya shiga jan hankalin manoma da su riƙa barin reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da yawansu gawo ne.

Na biyun kuma a wata Illelar ya faru, wato takwararta da ke jihar Tawa. A 1989 wani shirin asusun IFAD ya kai wasu manoman yankin ƙasar Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a faƙo da rani a zuba ɗan taki a ciki. Gara ta shiga ta buɗe ƙasa, ramin ya tara ruwa da ƙura, a shuka gero a ciki. Dabarar da ake kira tassa ta bazu har ta kai ana sayen faƙon da a da ba mai kallonsa.

Ta fannin takin zamani, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a watan Yunin 2006 cewa za a ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 a hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Ba a cim ma wannan buri ba, kuma a taron da aka sake yi a Nairobi a watan Mayun 2024 sai da aka haɗa batun lafiyar ƙasa da na takin. Najeriya dai na fitar da yuriya zuwa ƙetare, musamman bayan buɗe masana'antar Dangote a Legas a 2022, amma yuriya naitirojin ce zalla, alhali jigawar Sahel fosfaras take fara nema. Akwai duwatsun fosfaras a jihar Sakkwato da kuma yankin Tawa, sai dai ɗanyensu a hankali yake narkewa.

Masana ICRISAT sun ɓullo da wata hanya ta rage tsadar. Maimakon watsa taki a duk faɗin gona, sai a zuba kimanin giram 6 na kamfa, wato cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka. A gonar da ke da ramuka dubu 10 a hekta, buhu ɗaya da ɗan ɗori ya wadatar, kuma fosfaras ɗin na nan daf da saiwa lokacin da ta fi buƙatarsa.

Masu binciken da kansu sun yi kashedin cewa geron da aka yi wa haka kan yi saiwa mai yawa ya tsotsi fiye da abin da aka zuba masa, don haka sai an riƙa bar wa gonar kara da taki. A nan ne gizo ke saƙa, domin a Illela kara ba shara ba ne. Da shi ake danni da girki, shi ne abincin dabbobi a ƙarshen rani, kuma a kasuwa yana da farashi.